Cushing, Garin Tankuna: Inda Cinikin Ɗanyen Mai na Takarda Yake Komawa Ganga

An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a zauren taro. An rage doguwar gaisuwa da maimaici.

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a sahun gaba, iyayenmu 'yan kasuwa da suka baro rumfunansu suka zo, ɗalibai maza da mata, barkanmu da yamma.

An ce in yi bayanin yadda ake yanka farashin ɗanyen mai a duniya. Da hanyar da aka saba zan bi, da yanzu mun kama maganar OPEC da Saudiyya da Rasha. Za su shigo a gaba. Amma wani ɗan gari zan fara kai ku, a jihar Oklahoma da ke tsakiyar Amurka, sunansa Cushing. Mutanensa dubu takwas ne da 'yan kai. Ba teku a kusa da shi, ba tashar jiragen ruwa, yau ko matatar mai guda ɗaya babu a cikinsa. Fili ne na ciyawa da gonaki da shanu, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga birnin Tulsa. A bakin gari an haɗa bututai da manyan famfuna an yi alama, an rubuta cewa nan ne mararrabar bututun duniya. Wanda bai sani ba zai ce cika baki ne irin na ƙaramin gari.

To duk ranar da kuka ji a rediyo an ce farashin ɗanyen man Amurka, wanda ake kira WTI, ya tashi ko ya faɗi, farashin gangar da za a miƙa wa mai saye a cikin tankunan wannan gari ake nufi. A New York ake buga cinikin, amma a Cushing ake cika alkawari. Yadda hakan ta faru, da abin da ta haifar, shi ne maganarmu yau.

Ƙasar da garin yake a kai ta ƙabilar Sac da Fox ce, cikin 'yan asalin Amurka da gwamnati ta tura wannan yanki. A watan Satumba na 1891 aka buɗe filin ga baƙi, aka sa rana, kowa ya ruga a kan doki ko keken doki ya kafa turke a inda ya fara isa. Haka garin ya samu. Sunan ma na wani sakataren shugaban gidan waya na ƙasa ne, Marshall Cushing. Auduga suke nomawa, jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1900, kuma a ƙidayar 1910 mutanen garin sun ɗara dubu ɗaya da kaɗan.

Sai ga Tom Slick. Mai neman mai ne irin na sa-kai, wanda ya sha haƙa rijiyoyi suna fitowa a bushe har abin ya zama masa suna. A watan Maris na 1912 ya haƙa a gonar wani manomi mai suna Wheeler, gabas da Cushing, kusa da inda garin Drumright yake yanzu, mai ya yi tsiri. Ana ba da labarin cewa bai yi shela ba. Ya je ya yi hayar duk dawaki da kekunan haya na Cushing ya ajiye, don kada abokan hamayya su samu abin hawa zuwa wurin kafin ya gama ƙulla yarjejeniya da masu gonakin kewaye. Ku lura da wannan. Tun ranar farko, wanda ya riƙe hanya shi ya ci kasuwa.

Cikin shekara uku filin ya kai yana fitar da kusan ganga dubu 300 a rana, a lokacin da ko mota ba ta gama yaɗuwa ba. A 1920 mutanen Cushing sun haura dubu shida, a 1930 sun haura dubu tara, wato sun fi na yau yawa. Kuma arzikin bai zo wa kowa da alheri ba. Akwai wani dattijo ɗan ƙabilar Creek, Jackson Barnett, wanda aka ba shi eka 160 a rabon filaye, sai mai ya fito a ciki. Bai iya karatu ba, dangwale yake yi. Jaridu suka riƙa kiransa attajirin da ya fi kowane ɗan asalin ƙasar kuɗi, kotu kuwa ta ce ba zai iya riƙe dukiyarsa ba, ta naɗa masa mai kula. Har ya rasu a 1934 ana ta shari'a a kan kuɗinsa, bayan ya rasu ma aka ci gaba. Irinsa suna da yawa a Oklahoma ta wancan zamani.

Abin da ya fi shafar maganarmu shi ne dokar haƙar mai ta lokacin. Man da ya fito ta rijiyarka naka ne, ko da daga ƙarƙashin gonar maƙwabcinka ya gangaro. Saboda haka ba mai jira. In ka yi sanya, maƙwabci ya zuƙe. Kowa ya haƙa, kowa ya buɗe famfo, mai ya fi ƙarfin masu saye, ganga ta faɗi ƙasa da rabin dala. Wasu har ramuka suka riƙa tonawa suna zuba shi, rana ta sha nata, ƙasa ta sha nata, wani lokaci tsawa ta faɗa wuta ta cinye sauran. A wannan hali ne manyan kamfanoni, irin su Prairie Oil and Gas, wanda reshe ne da ya fito daga Standard Oil na Rockefeller, suka shiga gina tankunan ƙarfe suna sayen man a araha suna tarawa, suna ja da bututai zuwa matatun arewa da na bakin teku.

Rijiyoyin ba su daɗe ba. Filin da aka zuƙa da irin wannan haɗama da wuri yake gajiya. Matatun da suka cika yankin suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe a shekarun 1980. Garuruwa da dama da mai ya tayar a Oklahoma haka suka mutu, sai kangaye. Cushing ba ta mutu ba, saboda bututu in an binne shi ba ya tashi. Duk wanda ya samu sabon mai a Teksas ko Kansas, in ya zo jan nasa bututun, ya fi masa sauƙi ya kawo shi inda sauran suka riga suka haɗu, domin daga nan zai iya juya kayansa zuwa kowace matata. Kowane sabon bututu sai ya ƙara wa na bayansa dalilin zuwa.

Alhazai na Dawanau da ke nan sun fi ni sanin wannan. Ba a noma riɗi ko wake a cikin kasuwar Dawanau, amma manomin da ke Gumel ko Maraɗi sai ya ji yadda ta kaya a can kafin ya saki buhunsa, domin can ne sito yake, can motoci suke haɗuwa, can mai saye da kuɗi a hannu yake. Cushing ke nan a harkar mai.

Yanzu ga shekarar da ta ɗaure komai, 1983. A watan Maris na wannan shekara kasuwar NYMEX ta New York ta fara cinikin ɗanyen mai na gaba. Bari in warware shi a hankali, don shi ne ƙashin bayan laccar. Kwantiragi ne tsakanin mutum biyu: ni zan ba ka ganga 1,000 a wata kaza, kai za ka biya farashin da muka yanka yau. Ganga ɗaya galan 42 ce ta Amurka, wajen lita 159. Mai rijiya yana son wannan don ya san abin da zai samu ko da farashi ya faɗi. Mai matata ko kamfanin jiragen sama yana so don ya san abin da zai kashe ko da farashi ya tashi. A tsakaninsu kuma akwai ɗimbin masu neman riba kawai, bankuna da asusun zuba jari da ɗaiɗaikun mutane, waɗanda ba su taɓa shinshina ɗanyen mai ba kuma ba su da niyya. Su saya yau, su sayar gobe, su ɗauki bambanci.

Amma kwantiragi sai da wurin miƙa kaya da irin kayan. Kasuwar ta ce man ya zama marar nauyi, mai ƙarancin farar wuta, kada ta wuce kashi 0.42 cikin ɗari, wurin miƙawa kuma Cushing. Mafi yawan kwantiragin ana rufe su kafin wa'adi, ba a kai ga miƙa komai. Wanda ya bari wa'adi ya cim masa da takarda a hannu kuwa, ya zama mai ganga dubu ɗaya ta gaske a tsakiyar Oklahoma, kuma dole ya nuna tankin da za a zuba masa ko bututun da zai kwashe. Wannan dolen ce take hana farashin takarda yin nisa da farashin man gaskiya. Ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Bari in ɗan kwatanta muku tankunan. Ɗaruruwa ne, farare, a jere kudu da arewacin gari, wasu suna cin sama da ganga rabin miliyan kowanne. An kewaye kowane da tudun ƙasa, don in ya fashe man ya tsaya a ciki. Kamfanoni irin su Enbridge da Plains da Enterprise ne suke da su, suna ba da haya kamar yadda ake ba da hayar ɗaki. A 2020 abin da za a iya zubawa a yi aiki da shi ya kai wajen ganga miliyan 76. Rufin yawancinsu ba a manne yake ba. Faifai ne na ƙarfe da yake yawo a kan man, in tanki ya cika ya taso sama, in an kwashe ya nutsa ƙasa. An yi haka ne don kada a bar sarari tsakanin mai da rufi inda tururi zai taru.

Wannan rufi ya buɗe wata sana'a. In rufin ya yi ƙasa, bangon tanki yana jefa inuwa a kansa, kuma faɗin inuwar yana nuna yawan abin da aka kwashe. Sai wani kamfani mai suna Genscape ya riƙa tayar da jirgi mai saukar ungulu yana shawagi a kan garin da kyamarori, har da masu ganin zafi ta jikin ƙarfe, yana sayar wa 'yan kasuwa da lissafin. Daga baya wasu suka koma amfani da hotunan tauraron ɗan adam. Me ya sa mutum zai biya kuɗi mai yawa don inuwa? Saboda duk ranar Laraba da ƙarfe goma da rabi na safe agogon Washington, hukumar ƙididdigar makamashi ta Amurka, EIA, tana fitar da adadin man da ke ajiye, kuma Cushing tana da layinta daban a rahoton. Cikin daƙiƙoƙi farashi yake motsawa. Wanda ya san adadin tun ranar Litinin ya riga kowa.

Kada kuma ku ɗauka ajiya kawai ake yi. Mai iri-iri ne yake shigowa, mai kauri daga Kanada, marar nauyi daga Teksas da Dakota ta Arewa, ana turo su a bututu ɗaya rukuni bayan rukuni, suna tafiya a hankali, ba su fi saurin mai sassarfa ba. A Cushing ake rarrabewa, a nan kuma ake gaurayawa don a fitar da abin da ya cika sharaɗin kasuwa. Masu matatu sun sha kokawa cewa ana haɗa mai nauyi sosai da marar nauyi sosai, a awo ya yi daidai, a tukunya kuma ya ƙi ba da dizal ɗin da ake so, har sai da kasuwar ta ƙara tsaurara sharuɗɗan. Algus dai ba ƙasa ɗaya ya sani ba.

To, zama a tsakiyar ƙasa yana da nasa sharri. Tsarin bututan an yi shi ne don Amurka mai shigo da mai: jirgi ya sauke a gaɓar Teksas, bututu ya hau da shi arewa zuwa Cushing, daga nan zuwa matatun Chicago da kewaye. Namu na Najeriya ma yana cikin masu sauka a gaɓar Amurka, a tsakiyar shekarun 2000 sama da ganga miliyan ɗaya a rana. Sai abubuwa biyu suka juya lissafin. Na farko, Amurkawa suka gano yadda za su fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa da ruwa da yashi su tatso mai. Na biyu, Kanada ta ƙaro nata. A lardin Alberta akwai wani gari da ya fi Cushing ƙanƙanta nesa ba kusa ba, Hardisty, mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba, shi ma tankuna sun kewaye shi, kuma a can ake yanka farashin man Kanada mai kauri. Daga nan bututun Keystone yake tasowa, kuma a farkon 2011 reshensa ya iso Cushing.

Mai ya yi ta kwararowa, hanyar fita zuwa teku babu, dokar 1975 kuma ta hana sayar da ɗanyen man Amurka a waje. Tankuna suka cika. A 2011 WTI ya koma yana ƙasa da Brent, ma'aunin Tekun Arewa wanda namu Bonny Light yake bi, da sama da dala 25 a ganga, alhali a da kusan kafaɗa da kafaɗa suke tafiya. Ingancin man bai canza ba. Wurin da yake ne ya zama kurkuku. A watan Maris na 2012 Shugaba Obama da kansa ya je yankin, ya tsaya a gaban tulin bututai ya ce a gaggauta jan reshen kudu na Keystone, daga Cushing zuwa gaɓar Teksas. A watan Mayu aka juya akalar bututun Seaway, wanda a da yake hawowa daga Freeport da ke gaɓar Teksas, ya koma gangarawa. Reshen kudu na Keystone ya fara aiki a Janairun 2014, a Disambar 2015 kuma aka ɗage dokar hana fitarwa.

Mu a nan mun ji a jikinmu. Man da suke tatsowa daga duwatsu irin namu ne, marar nauyi, mai ƙarancin farar wuta, don haka namu ne ya fara rasa kasuwa. A watan Yulin 2014 Amurka ba ta sayi ko ganga ɗaya daga Najeriya ba. Dole muka juya Indiya da Turai.

Yanzu mu zo ranar da ta sa sunan garin ya shiga bakin duniya, Litinin 20 ga Afrilu, 2020. Kun tuna lokacin. Korona ta rufe ƙasashe, jirage a ƙasa, motoci a gida, buƙatar mai ta duniya ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ko fiye. A farkon Maris Saudiyya da Rasha suka watse a taron Vienna ba yarjejeniya, kowa ya buɗe famfo don ya ba ɗan'uwansa haushi. Sun shirya a ranar 12 ga Afrilu cewa za a rage ganga miliyan 9.7 a rana, amma sai 1 ga Mayu za a fara. Rijiya kuma ba fitila ba ce da za ka kashe ka kunna yadda ka ga dama, rufe ta yana da tsada, wata in ka rufe ba ta dawowa yadda take. Mai ya ci gaba da zuwa Cushing.

Ga wani abu da mutane da yawa suke kuskurewa. Tankunan ba su cika maƙil ba. Wajen ganga miliyan 60 ne a ciki, cikin 76. Sai dai sauran wurin duk an riga an kama haya. Ɗaki ne ba kowa a ciki, amma makulli yana aljihun wani. Kwantiragin watan Mayu kuma washegari Talata wa'adinsa zai cika. Duk mai riƙe da takarda da ba shi da tanki, gaba kura baya sayaki: ko ya sayar yau, ko ya wayi gari da ganga dubu da ba shi da inda zai zuba.

Ranar Juma'a an tashi a dala 18.27. Ranar Litinin aka fara gangara, goma, biyar, ɗaya, 'yan santai. Masu tanki, waɗanda su kaɗai za su iya karɓa, suka naɗe hannu. Aka wuce sifiri. An tashi kasuwa a dala 37.63 ƙasa da sifiri. Ma'ana, mai kwantiragi ɗaya zai ba ka ganga dubu, ya ƙara maka dala 37,630, ya yi maka godiya. A Chaina akwai ƙananan masu zuba jari da suka sayi irin wannan takarda ta hannun Bank of China, suna ganin mai ya yi araha banza ta faɗi. Suka kwanta da jari, suka tashi jarin ya ƙone, banki kuma yana bin su bashi.

Na ji mutane a lokacin suna cewa mai ya zama kyauta a duniya. Ba haka ba ne. A wannan ranar kwantiragin watan Yuni na WTI ɗin nan yana sama da dala 20, Brent kuma wajen 25. Brent bai taɓa faɗawa ƙasa da sifiri ba, saboda man teku ne, in tudu ya cika sai a yi hayar jirgi ya tsaya da shi a ruwa, kuma cinikinsa na gaba da kuɗi ake rufe shi. Abin da ya yi tsada a ranar nan shi ne wurin zubawa a gari guda, a mako guda. A ganina darasin da ƙasashe masu mai irin namu ba su ɗauka da muhimmanci ba ke nan: muna ƙirga rijiyoyi da gangunan da muke haƙowa, ba mu cika ƙirga kwana nawa za mu iya riƙe kayanmu in mai saye ya juya baya ba. A watannin nan jiragen ɗanyen man Najeriya sun yi ta jira a teku ba mai taya su. Kasafin Najeriya na 2020 da aka gina a kan ganga dala 57 sai da aka dawo da shi 28, dala kuma a farashin gwamnati ta tashi daga naira 306 zuwa 360.

Saura abu ɗaya kafin tambayoyi. A da Oklahoma ba a san ta da yawan girgizar ƙasa ba. Amma rijiyoyinta suna fito da ruwan gishiri mai yawa tare da mai, ninkin man sau da yawa, kuma kamfanoni suna mayar da ruwan can ƙasa cikin wani shimfiɗaɗɗen dutse da ake kira Arbuckle. Nauyin ruwan ya tayar da tsofaffin tsagogin da suka daɗe a kwance. A 2015 jihar ta ga girgiza wajen 900 masu ƙarfin maki 3 ko fiye, inda a da ba ta wuce ɗaya ko biyu a shekara. A Satumbar 2016 aka yi mai maki 5.8 a Pawnee, ranar 6 ga Nuwamba kuma mai maki 5.0 ta auku dab da Cushing. Tsofaffin gine-ginen bulo na tsakiyar gari, waɗanda aka gina zamanin Tom Slick, suka tsattsage, bulo ya zubo kan titi, aka kwashe tsofaffi daga wani gidan da suke zaune. Tankuna da bututai sun tsira. Hukumar da ke kula da harkar mai a jihar ta ba da umarnin rufe wasu rijiyoyin zuba ruwan da rage na wasu, girgizar kuma ta ragu sosai a shekarun da suka biyo.

Shugaban taro ya ɗaga mini agogo. Bismillah, tambayoyi.

Wani dattijo ya tambaya ko irin wannan ciniki na gaba shi ne salam da aka sani a fiƙihu.

Allah ya ƙara girma, Baba. Sun yi kama ta fuskar cewa kaya sai gaba, kuma an fayyace iri da awo da wuri da lokaci. Inda suka rabu shi ne kuɗi. A salam mai saye yana biyan kuɗin duka a majalisin ciniki. A nan kuwa ɗan kafin alƙalami kawai kowane ɓangare yake ajiyewa a hannun kasuwa, kullum da yamma a duba farashi, a cire daga asusun wanda ya faɗi a zuba wa wanda ya ci, kuma yawancinsu ba su da niyyar karɓar kaya. Saboda wannan ne malamai da dama na zamani ba su yarda da shi ba. Ga malamanmu nan a gaba, su ne masu fatawa.

Wata ɗaliba ta tambaya ko mutanen garin sun yi arziki.

Ƙanwata, in kin shiga garin ba za ki ce biliyoyin daloli ne suke kwance a bayansa ba. Tanki ba ya buƙatar ma'aikata da yawa. Masu walda, masu awo, masu gadi, masu duba tsatsa, shi ke nan, yawancin famfunan ma daga ɗakunan kwamfuta ake juya su, wasu a wasu birane. Man ba na garin ba ne, wucewa yake yi. Abin da yake tsayawa shi ne harajin kadara a kan tankuna da bututai, wanda makarantun garin suke amfana da shi, sai albashin waɗannan ma'aikata. Wani gidan yari mai zaman kansa da ke gefen gari ma yana cikin manyan masu ɗaukar aiki.

Wani ɗan kasuwa ya tambaya ko har yanzu Cushing tana da ƙarfin da take da shi a da.

Alhaji, ya ragu, amma bai tafi ba. Tun da aka buɗe fitarwa, sababbin manyan bututai daga yankin Permian na yammacin Teksas kai tsaye suke zarcewa Houston da Corpus Christi, ba sa bi ta Oklahoma. Yanzu matsalar takan juye: a 2023 abin da ke tankunan ya sauko kusa da ganga miliyan 20, inda famfo yake fara wahalar zuƙa saboda laka da ruwan da ke gindin tanki, sai farashin wata mafi kusa ya yi tsalle. A 2023 ɗin kuma aka shigar da man WTI na Midland, wani gari a yankin Permian, cikin kwandon da ake auna Brent da shi, don man Tekun Arewa ya yi ƙaranci. Wato man Teksas yanzu yana da hannu a ma'aunin da ake sayar da namu. Kuma tun 2024 matatar Dangote da ke Legas tana sayen wannan WTI ɗin, jirage suna ɗauko shi daga gaɓar Teksas suna saukewa a Lekki. Akwai yiwuwar fetur ɗin da ke cikin motarka a waje daga can aka haƙo shi.

An kira sallar magariba, shugaban taro ya rufe da addu'a.